Audugar da Wuta Ba Ta Ci

Ranar da Maitanda ya sauke buhunan farko a bayan gidansa, da kansa ya je ya kira Goggo ta zo ta gani. Goggo ƙanwar mahaifinsa ce. Mijinta ya rasu, ba ɗa ba jika, shi ya sa ta tattaro 'yan komatsanta ta dawo gidansa. Shi kuwa sana'arsa ƙera tandar gashin burodi: ƙarfe a ciki, ƙarfe a waje, a tsakaninsu a cusa abin da zai riƙe zafi.

"Goggo, hannunki bai manta shiɓa ba ko?"

"Hannun da ya shiɓe audugar da aka saƙa wa ubanka riga? Kai dai kawo."

Ya ture buhu ɗaya da ƙafa, ya ja da baya. Abin da ya zubo ya yi kama da auduga, amma a cuccure, duk ya danƙare. Iri biyu ne. Akwai mai ruwan ɗorawa, mai kaushi, akwai kuma fara mai ɗan toka-toka. Ya ce daga wata tsohuwar masana'anta da ake rushewa aka ɓamɓaro su, a jikin bututu suke. In aka cusa su a haka, tanda sai ta ƙona burodi ta gefe guda. Dole sai an warware su sun tashi.

Goggo ta ɗaga kai ta dube shi. Ya rufe hanci da baki da takunkumi, sai idanu kaɗai.

"Mura kake yi, ɗana?"

"Hayaƙin walda ne, Goggo. Na saba sawa, har mantawa nake yana fuskata."

Ta shiga ɗaki ta ciro bakan shiɓarta daga ƙasan akwati, ta ɗaura masa sabuwar tsirkiya. Wanda bai taɓa zaman cin arziki a gidan wani ba, ba zai gane daɗin da ta ji a ranar ba. Ta daɗe tana tauna abinci a hankali don kada a ji ƙarar bakinta. Yau ga shi an zo har ƙofa ana neman hannunta.

Aka ba ta ɗakin ƙarshe, wanda ke jingine da rumfar walda. A nan take aiki, a nan take kwana. Taga ɗaya gare shi, Maitanda ya toshe ta da kwali, wai kada iska ta kwashe masa kaya. Ya kuma kafa dokoki. A rufe ƙofa in ana aiki. Goggo ta wanke kayanta da kanta, a bahonta daban. A ajiye mata abinci a bakin ƙofa. Matarsa kuwa, da yake tana da tsohon ciki, ko leƙe ya hana ta.

Goggo ta lura da duk wannan. Ba wawuya ba ce. Amma mutumin da ke zaune a gidan wani yakan koyi kallon gefe.

Kullum da safe sai ta shimfiɗa tabarma, ta zube audugar, ta kama baka. Tsirkiya ta yi ta kuka, tin, tin, tin. Curin ya warwatse, ya tashi, ya sauko a hankali. Ta wata 'yar ɓular kwali rana takan shigo kamar sanda, a cikin sandar nan sai ka ga ƙura tana ƙyalli, tana juyi, ba ta gaggawar sauka. Kafin azahar girarta da gashin hancinta sun yi fari fat.

Mai ruwan ɗorawar ba ta da mutunci. Tana soke hannu, tana sa ƙaiƙayi har cikin wuya, in ka sosa sai ya yi ruɗu-ruɗu. Farar kuwa ba ruwanta. Laushi gare ta kamar gashin cikin zomo, ba ta suka, ba ta wari. Goggo ta so farar nan ƙwarai.

Da matar gidan ta haihu, 'yan uwa da maƙwabta kowa ya kawo abin da ya samu. Goggo ba ta da abin kawowa. Sai ta riƙa ƙulle ɗan dunƙulen farar a gefen zane kullum, mafi laushi, mafi tsabta, tana ɓoyewa a akwati, don ta san Maitanda a kan kayan sana'a ba ya wasa. Ta yanka zanenta mafi kyau, wanda ba ta ɗaura shi sai za ta unguwa, ta ɗinka 'yar katifa da hannu, ta cika ta dam.

"Kai, Goggo! Ina kika samo auduga haka?" in ji matar gidan, tana danna ta da tafin hannu.

"Guzurina ne, tun daga gida na zo da abata. Kwantar min da mijina a kai, mu gani ko zai yi min tsiya."

Jariri ya yi barci a kai har sai da aka tashe shi shan nono. Bayansa aka haifi mace, ita ma a kai ta girma. Sannan Auta. Kowace shekara Goggo takan karɓi katifar, ta farke gefe, ta ƙara mata sabuwar fara a ɓoye, ta faɗaɗa ta da wani zanen, har ta zama ta ɗauki yaran su uku a jere. A kai suke barci, a kai suke kokawa. In sun yi tsalle a kanta da rana, wata 'yar ƙura takan tashi ta ɗinkin, uwarsu ta ce su bari kada su ɓata aikin Goggo.

Sana'a ta karɓi Maitanda. Tandarsa ta yi suna wajen riƙe zafi. Ya sake rufin gida, ya ɗaga katanga, ya sa wa ɗakinsa fanka. Kwalin tagar Goggo ne kaɗai ba a taɓa ba, sai dai in ya ruɓe a sa wani.

Shekaru suka ja kafin tarin ya zo. Da ya zo kuwa bai zo da hayaniya ba. Busasshe ne, ba majina, ba zazzaɓi, kamar mai gyaran murya zai yi magana ya fasa.

"Sanyi ne," in ji Maitanda daga bakin ƙofa. Ya ajiye mata kwalbar maganin tari a ƙasa, ya tura ta ciki da ƙafa.

Kwalba ta ƙare, aka kawo wata. Sannan numfashi ya fara gajarta. Daga ɗakinta zuwa famfo, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, sai ta tsaya ta dafa bango. Ta koma sallah a zaune. In ta ja iska sai ta ji ta tsaya a rabi, kamar an ɗaure mata ƙirji da igiya, kullum kuma ana ƙara tamke ƙullin. Kan yatsunta ya kumbura ya yi gunduma-gunduma, farcen ya lanƙwashe, har tsirkiya na kuɓuce mata.

Wata maƙwabciya mai ɗinki ta shigo aron dutsen guga, ta ji tarin ta bayan katanga.

"Wannan tarin na Goggo ba na wasa ba ne fa."

"Tsufa ne," in ji matar gidan. "Kuma ba ta jin magana. Ruwan sanyi kamar me. Mun yi faɗan har mun gaji."

"Amma har yanzu ita ke aikin nan?"

"Wa ya isa ya hana ta? In ba ta yi ba sai ta ce an raina ta."

Wannan kam akwai ƙamshin gaskiya a ciki, shi ya sa ƙaryar ta zauna daram. Goggo ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Ta san ranar da baka ya yi shiru a ɗakin nan, kwanon da ake ajiyewa a bakin ƙofa zai fara zuwa a makare. Buhu kuwa bai daina zuwa ba. Maitanda yakan jingine shi a ƙofa, ya ce ta cikin takunkumi, "A hankali dai, Goggo, ba gaggawa. Amma masu wannan jibi za su zo."

Ranar da ta faɗi a bakin famfo, leɓenta ya yi shuɗi, mutane suka taru, sai ya zama dole a kai ta asibiti, ko don idon unguwa.

Likitan ya daɗe da abin sauraro a bayanta. Ya sa aka ɗauki hoton ƙirji, ya ɗaga shi wajen haske yana dubawa.

"Mama, wane aiki kike yi?"

Ta buɗe baki, amma kafin ta tara iskar magana Maitanda ya riga ta.

"Ba ta aikin komai, likita. Hutawa take a gidana. Ni ke ci da ita, ni ke sha da ita."

"A da fa? Ko mijinta ya yi aikin rufi, ko aikin bututu a masana'anta? Irin wannan huhun a wajen waɗanda suka shaƙi ƙurar asbestos muke ganinsa."

"Ina! Girki da itace dai, tun tana yarinya. Hayaƙi ne."

Likita ya girgiza kai. Ya ce hayaƙi daban, wannan daban. Ya ce ƙura ce wadda in an duba ta da madubin asibiti mai ƙara girman abu, kowace ƙwaya tata sili ne mai tsini, ya fi gashi siranta nesa ba kusa ba. In ta shiga huhu ba ta narkewa, ba ta ruɓewa. Jiki yana da wasu 'yan ƙwayoyi da aikinsu shara, su haɗiye duk dattin da ya shigo. Sai su zo su haɗiye silin, ya fi ƙarfin bakinsu, ya huda su, su mutu a kansa. Wasu su zo, su ma haka. Wurin ya yi ta miki yana warkewa da tabo, tabo kan tabo, har huhun da ya kamata ya yi laushi kamar soso ya koma kamar busasshiyar fata. Wani lokaci ma abin ya rikiɗe ya zama ciwon daji.

"Akwai magani?" in ji Maitanda.

"Na sauƙaƙawa. Abin da ya shiga ya shiga."

A hanyar dawowa Goggo ta yi ta juya maganar. Sili mai tsini. Ta tuna mai ruwan ɗorawar da ke soke mata hannu. Sai kuma ta tuna farar, mai laushin nan, ta ce a ranta, to ai ita wannan ba ta suka. Da wannan ta lallashi kanta. Sunan da likita ya faɗa kuwa ko riƙe shi ba ta yi ba. Ita auduga ta sani.

"Likitocin nan," in ji Maitanda, "in ba su tsorata mutum ba, ba sa jin sun yi aiki."

Daga ranar ba ta ƙara ɗaga baka ba. Ta gwada, hannu ya ƙi. Kwanciya ma ta gagara, sai dai ta jingina da bango, baki a buɗe, tana kamun iska kaɗan-kaɗan. Buhu biyu suka kwana a ƙofa, suka zama huɗu. Maitanda ya fara shiga yana fita yana tsaki.

Wata la'asar, yara suna makaranta, ta ji shi da matarsa a rumfar walda. Tsakaninta da su bango ɗaya ne da kwalin taga. Sun saba da ƙarar tsirkiya tana rufe musu magana, sun manta yanzu ɗakin shiru yake.

"Na ce ki aika wa Inna ta zo ta zauna da mu," in ji shi. "Ta huta da wahalar ƙauye. Ai ita ma ta iya shiɓa, ko?"

"Uwata? Wallahi a'a. Ba uwata ba."

"Ke ki saurara."

"Ba abin da zan saurara. Kana ganin yadda Goggo ta koma. Ni ban taɓa tambayarka ba, amma ba makauniya ba ce ni. Me ya sa kake rufe hanci? Me ya sa ka hana mu ɗakin?"

"Rage murya. Mutumin da ya ba ni kayan nan, binnewa aka ce ya yi, shi ya bar min. Ya kuma gaya min komai, bai ɓoye ba. Ya ce mai ƙaiƙayin ma da sauƙi, farar ita ce muguwar. Amma ya ce ba ta kama mutum yau ko gobe. Sai shekara ashirin, talatin, kafin ta nuna. To ki gaya min, Inna tana da shekara ashirin a gaba?"

"Haka ka ce a kan Goggo."

"To ni na san Goggo za ta daɗe haka? Da aka kawo ta kowa cewa yake ba za ta ga baɗi ba. Kuma nata ya zo da wuri ne don ba ta iya yin abu kaɗan, sai ta cika ɗaki da ƙura. Ni na yi lissafina tsakani da Allah. Ban sa yaro ba, ban sa matashi ba. Tsohuwa na sa, wadda ajalinta zai riga ciwon zuwa. Wa na cuta?"

Goggo ba ta ji zafin abin da ya faɗa a kanta ba, ko kuma ba ta samu lokacin ji ba. Kalma ɗaya ce ta tsaya mata a kunne. Farar.

Ta dafa bango ta miƙe. Ƙafafunta suka ƙi, ta durƙusa. Da rarrafe ta kai ƙofa, ta ture ta, ta ratsa tsakanin buhunan. Daga nan zuwa rumfa ba nisa, amma sai da ta tsaya ta huta, goshi a ƙasa, ƙirjinta na ƙara kamar ana taka busasshen ganye. Daidai lokacin ta ji an banko ƙofar gida, yara sun dawo, sun watsar da jaka sun yi ɗaki da gudu. Can sai ga dariyarsu, da tim, tim, na tsalle.

"Goggo! Me ya fito da ke?" in ji matar gidan. Ta zo za ta kama ta, sai ta tuna, ta tsaya taku biyu baya.

Goggo ta ɗaga kai ta nemi idon Maitanda. Magana sai da ta yanka ta gunduwa-gunduwa.

"Ɗana. Wanda yake da... shekarun fa?"

"Waɗanne shekaru, Goggo? Koma ki kwanta."

"Ashirin ɗin. In yaro ne."

Ya gane ta ji. Ya fara haɗa wata magana, ta ɗaga masa kumburarren yatsa.

"Katifar yara. Ba guzurina... ba ne. Farar ce. Ita na zaɓa musu... don ba ta suka."

Daga ɗaki aka ci gaba, tim, tim, tim.

Matar gidan ce ta fara ƙwalla ƙara. Maitanda ya ruga. Ya fizgo yaran ɗaya bayan ɗaya ya wurgo su waje, ya jawo katifar har tsakar gida. Ko takunkumin bai tuna ba. Wajen ja, tsohon ɗinkin ya kama ƙusar ƙofa ya farke, farar ta bi shi a baya tana zuba. Ya ɗauko galan ɗin fetur daga rumfa ya tuttula, ya ƙyasta ashana.

Wuta ta tashi har ta wuce katanga. Zanen Goggo na unguwa ya yi baƙi, ya nannaɗe, ya zama toka. Sauran zannuwan suka bi shi. Fetur ya cinye, wuta ta yi ƙasa, ta laso nan ta laso can, ta rasa abin ci, ta mutu.

Audugar tana nan. Tulinta guda a tsakar gida, gefe ya ɗan yi baƙin hayaƙi, cikin fari fat, ko sili ɗaya bai ƙone ba. Mutumin da ya yi arziki da abin nan don wuta ba ta cinsa, shi ne ya tsaya da ashana a hannu yana kallo kamar yau ya fara ganinsa. A da zane ne ya riƙe ta. Yanzu ba abin da ya riƙe ta. Zafin ƙasa ya ɗaga ta, iskar la'asar ta shigo ta ƙofar da yara suka bari a buɗe, ta fara ɗiba. Ta hau kan shanya, ta sauka a randa, ta ƙetare katanga zuwa gidan mai ɗinki. A hasken rana sai ƙyalli take.

Auta ta miƙa hannu tana son cafke wani sili da ke yawo a gaban fuskarta.

"Ku rufe hanci! Ku shiga ɗaki!" in ji uwar. Sai ta tuna abin da ke zube a ɗakin. "A'a, ku fito! Ku..." Ta tsaya tana juyi a tsakar gida, yara uku riƙe da zanenta, ba ta san inda za ta kai su ba.

Maitanda ya yi lissafinsa, ba a ce bai yi ba. Ya auna shekarun tsohuwa, ya auna kwanakin ciwo, ya toshe taga, ya raba baho. Abin da bai sa a lissafi ba shi ne tsohuwar da aka ajiye a ɗakin ƙarshe tana da zuciya, kuma za ta so ta ba 'ya'yansa mafi kyawun abin da hannunta ya taɓa.

Matar ta juyo ta dube shi, muryarta ta dushe.

"Shekara nawa ka ce?"

Shi kuwa idonsa na kan babban ɗansa, wanda ya fi kowa daɗewa a kan katifar.

Goggo ce ta amsa daga inda take durƙushe. Sai da ta ja iska sau uku kafin ta tara abin da zai isa.

"Ashirin ya ce, 'yata. Su kam... suna da su."